Tanimun, sarkin da ya ƙera igwa a Damagaram

Tanimun ɗan Sulaiman sarkin Damagaram ne, kuma mayaƙi. Ya rasu tun shekarar 1884, amma har yau in ana hirar sarakunan ƙasar nan sunansa ne kan fara fitowa. Ubansa, Sarki Sulaiman, shi ne ya maido gadon sarauta garin Zinder. Bayan Sulaiman sai ɗansa Ibrahim ya hau, a shekarar 1822.

A wancan zamani Damagaram tana ƙarƙashin Barno. Sarki yakan aika gaisuwa da bayi zuwa Kukawa, wurin Shehu. Wanda Shehu ya yarda da shi, shi ne sarki. Tanimun bai jira yardar kowa ba. A shekarar 1841 ya karɓe sarauta daga hannun ɗan'uwansa Ibrahim. Shekara 2 kaɗai ya yi, Barno ta sa hannu, Ibrahim ya komo. Sai bayan 1850 da kaɗan Tanimun ya sake hawa, kuma wannan karon ya zauna daram, wajen shekara 30.

Mutumin da aka taɓa tuɓewa ba ya barci da ido biyu. Abin da ya fara sa wa gaba shi ne ganuwa. Ya tara jama'a, ƴaƴa da bayi, aka yi ta kwaɓa ƙasa ana ɗorawa, har aka kewaye Birni da garu mai tsawon wajen mita 10, da ƙofa 7. Ku da kuka taɓa gina katangar gida kun san ruwan da take sha da gumin da take ci. To, ku auna ta gari guda, a wuri irin Zinder inda ruwa ke da wuya, ba mota, ba amalanke, sai kai da jaki. Guntayen garun nan suna nan a Birni, ruwan sama ya zaizaye su.

Ganuwa tana tsare gari, amma ba ta cin yaƙi. Don haka ya juya wajen bindiga. Sarakunan lokacin dawaki suka fi dogara da su, da mashi da takobi da kwari da baka. Shi kuwa Tanimun ya yi ta sayen bindigogi daga fataken da ke ƙetare hamada daga Tarabulus. Masu tarihi sun rubuta cewa ya tara bindiga wajen 6000 da igwa wajen 40.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba sayen ba ne. Mai dukiya kowane iri yana iya saye. A'a, a cikin Zinder aka riƙa narka tagulla ana zuba igwa, a cikin Zinder kuma ake haɗa albarushi. Albarushi abu uku ne: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa. A daka su, a gauraya, a shanya. Faɗi da baki ba wuya. Amma mai wannan aiki ransa a hannunsa yake. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ƙarfe ya gogi dutse, ko garwashi ya faɗo daga lofe, shi ke nan, ba mai daka, ba turmi. Ga shi gidaje da yawa na zana ne da ciyawa, kuma kun san halin gobara in iskar hunturu ta kama ta, daga ɗaki guda sai ta lashe unguwa. Ita kanta igwar, in zubinta bai yi kyau ba, takan iya fashewa ta kashe mai harbawa kafin abokin gaba. Waɗanda suka yi wannan aiki, maƙera da ƴan bindiga, da yawansu bayin sarki ne. Su ma sun cancanci a tuna da su.

Da wannan ƙarfi ya faɗaɗa ƙasa. Ya ƙara danne Mirriya da Washa da Dungas. Ya ci Muniyo, wato yankin Gure, alhali ita ma ƙasar Barno ce. Wannan kamar tsokanar Shehu ne a fili, amma Barno ta riga ta yi rauni, ba ta iya tuɓe shi kamar yadda ta yi a 1843 ba. Ta kudu kuma, garuruwan da ke bin Kano da Sakkwato sun sha hare-haren dakarunsa.

Ina kuɗin duk wannan suka fito? Daga fatauci. Ayarin raƙuma na Abzinawa da Larabawa yakan taso daga arewa, ya biyo ta Agadas, ya sauka a Zango, unguwar baƙi da ke wajen ganuwa. Su kawo tufafi da takarda da bindiga, wasu su kawo gishirin Bilma. Su koma da fatu jemammu, da gashin jimina, da bayi. Sarki yana karɓar rabonsa, shi kansa ma yana fatauci.

Maganar bayin nan ba ta tsallakuwa. Yaƙin da ya cika taskar sarki, shi ne ya raba uwa da ɗa a ƙauyuka masu yawa. Wanda ke cikin ganuwa ya kwana lafiya, wanda aka kai wa hari ya wayi gari da igiya a wuya, ana kora shi hamada. Tanimun sarki ne mai tsanani, ana tsoronsa ƙwarai. Ko danginsa bai cika sakin jiki da su ba, shi ya sa ya ɗora manyan muƙamai a hannun bayinsa, waɗanda ba su da hanyar neman gadon sarauta.

Da ya rasu, ƴaƴansa suka gaji ƙasar da bindigogin. Ɗaya daga cikinsu, Amadu Kuran Daga, ya hau a 1893, ya kai yaƙi har ƙasar Kano. A zamaninsa ne, a 1898, aka kashe wani hafsan Faransawa mai suna Kazamaju a Zinder. Shekara ta zagayo, 1899, Faransawa suka zo ramuwa. Aka haɗu a Tirmini, yamma da gari. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki ba ta iya ja da bindigar Nasara mai harsashi ba. Damagaram ta faɗi shekara 15 kacal bayan rasuwar Tanimun.

André Salifu, malamin tarihi haifaffen Zinder, ya rubuta littafin tarihin Damagaram a 1971. Ya kuma shirya wasan kwaikwayo da Faransanci a kan wannan sarki, aka buga shi a 1973, ya sa masa suna Tanimun.