Mamman Shata

Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina (1923 – 18 ga Yuni, 1999) mawaƙin Hausa ne daga Jihar Katsina a arewacin Najeriya. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kiɗan kalangu, kuma ana lissafa shi cikin mawaƙan baka mafi shahara a ƙasar Hausa. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, ba tare da ya rubuta ko ya zauna ya tsara ta ba.

Asali da ƙuruciya

An haife shi a garin Musawa. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya. Gidansu ba gidan roƙo ba ne, don haka mahaifinsa bai so ya shiga waƙa ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar kiɗa sana'ar gado ce ta maroƙa. Ya yi karatun allo, sannan ya yi tallan goro da alewa. A dandali da kasuwannin ƙauye ya fara waƙa don nishaɗi, kafin ta zame masa sana'a. Ya zauna a Bakori, daga baya ya koma Funtuwa, inda ya yi mafi yawan rayuwarsa.

Salon waƙarsa

Shata ba makaɗin fada ba ne irin su Ibrahim Narambaɗa, wanda ke ƙarƙashin ubangida guda. Mawaƙin jama'a ne: ya yi wa sarakuna da attajirai da sojoji da direbobi da mata waƙa, ya kuma yi wa dabbobi da wurare.

Tsarin waƙoƙinsa mai sauƙi ne. Akwai amshi gajere, sau da yawa layi ɗaya, wanda makaɗan kalangu ke maimaitawa, shi kuma yana ɗora baituka a kai gwargwadon abin da ya gani a wurin. Idan wani ya shigo fili ko ya yi kyauta, sai sunansa ya faɗa cikin waƙar. Wannan ne ya sa waƙa guda kan fito da fuskoki daban-daban. Bakandamiya, wadda a cikinta yake yi wa kansa kirari, ita ce babban misali, domin ya sha rera ta a wurare da dama, kuma kowane rerawa yana da baitukan da babu su a wani.

Cikin waƙoƙinsa da suka yi fice akwai ta yabon Annabi Muhammadu (SAW), da ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da ta Ummarun Ɗanduna na Gwandu, a Jihar Kebbi ta yanzu, da ta kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba zuwa duniyar wata a 1969. A lokacin yaƙin basasar Najeriya (1967–1970) ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojoji gwiwa. Yana da zambo mai zafi, abin da ya sa mutane da yawa ke shakkar ɓata masa rai. Waƙarsa ta shan giya kuwa ta jawo masa suka daga malamai.

Faifai da rediyo

Muryar Shata ta bazu ta gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna, da faya-fayan garmaho da kamfanoni irin su EMI suka buga, daga baya kuma kaset-kaset. Ta haka ya samu masu sauraro a Nijar da Ghana da Kamaru da sauran wuraren da Hausawa ke zaune. Sai dai abin da aka naɗa wani kaso ne kawai na aikinsa. Waƙoƙin da ya yi a bukukuwa da wuraren wasa inda babu na'urar ɗaukar murya sun tafi da waɗanda suka ji su. Saboda haka tattara tsofaffin faya-fayai da kaset ya zama aiki mai muhimmanci ga masu nazarin adabin baka.

Siyasa da karramawa

Ya taɓa zama kansila a shekarun 1970, kuma a Jamhuriya ta Uku ya yi shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1988. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana da ke Amurka.

Rasuwa

Bayan jinya a Kano da Jidda, Shata ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An yi jana'izarsa a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, kuma a can kabarinsa yake. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.