Likita Barau Dikko, Likitan Farko Daga Arewa

Duk wanda ya taɓa zuwa Kaduna neman magani ya ji sunan Asibitin Barau Dikko, amma ba kowa ya san mai sunan ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba masu karatu tarihinsa a taƙaice.

An haifi Russell Barau Dikko a ƙasar Zazzau cikin 1912. Ya fara karatu a makarantar Mishan ta Zariya, ya wuce King's College ta Ikko, sa'an nan ya haye Ingila ya koyi aikin likita a Jami'ar Birmingham. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita. Ya kama aikin Gwamnati cikin 1940. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, har shi aka zaɓa shugabanta cikin 1949.

A 1960 ya zama babban likita a sashen da ke yaƙi da cututtukan da suka zaune wa ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Bayan haka ya riƙe muƙamin Babban Sakataren ma'aikatar har 1967. Cututtukan da suka dami jama'a a zamanin kuwa su ne agana, da sanƙarau mai zuwa da bazara, da kuturta, da ciwon barci.

To, irin wannan aiki ba a ɗakin tiyata a ke yinsa ba, aikin sa ido ne. Mai unguwa ya ga ƙuraje sun feso wa yaro, ya gaya wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, malamin En'e ya rubuta suna da gari da rana. Takarda ta kai ga likitan lardi, shi kuma ya tura Kaduna. Can a ke tara rahotanni a ga inda cuta ta ɓulla da inda ta nufa, a aika da masu lamba da duba-gari su tare ta. Masu neman ciwon barci kuwa ƙauye ƙauye su ke bi, suna lalubar wuyan mutane ko za su ji kaluluwa.

Wahalar abin ita ce jama'a ba iri ɗaya ba ne. A ƙasar Zuru kaɗai akwai Dakarkari da Fakkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, kowa da harshensa da al'adarsa, amma kasuwa ɗaya su ke ci. Cuta kuwa ba ta tambayar ƙabila. In gida ɗaya ya ɓoye majiyyaci don kunya ko tsoro, ran kasuwa sai ta bi fatake ta shiga garuruwa da yawa.

An ga amfanin sa ido a fili kan agana. Cikin 1967 aka soma babban gangamin lamba a Afirka ta Yamma, aka kuma gane cewa neman kowane mai cutar, da yi wa na kewaye da shi lamba, shi ne ke yanke mata hanya. Daga 1970 ba a sake samun agana a Nijeriya ba, a 1980 kuma aka tabbatar ta ƙare a duniya.

A 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa Likita Dikko Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki na Tarayya, daga baya ya koma Sufuri. Ya rasu cikin 1977.

Jama'a, abin da mu ke so malaman ofis da na makaranta su riƙe shi ne, likita kome iliminsa ba ya tare annobar da labarinta bai zo masa ba. Malamin da ya ga yara uku sun daina zuwa aji saboda zazzaɓi iri ɗaya, ya rubuta ya aika a ranar, ya ɗauki rabonsa na aikin da Barau Dikko ya bari.