Sarkin Musulmi Attahiru Ɗan Ahmadu, Shahidin Burmi

Matafiyin da ya tashi daga Birnin Kudu ko Gwaram ya nufi ƙasar Gombe, in ya isa Bajoga to ya yi kusa da kufan Burmi, wajen kogin Gongola. Da yawa sukan wuce ba su ratse ba, alhali kuwa a nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya yake kwance, Allah Ya jiƙansa.

Shi ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu. An yi masa mubaya'a a watan Oktoba 1902, bayan rasuwar Abdurrahman, shi ne na 12 in an fara ƙirgawa daga Shehu. Sarauta ta same shi a mawuyacin lokaci, gama Bida da Yola da Bauchi da Zazzau duk sun riga sun shiga hannun Nasara, Kano kuma ta bi bayansu a watan Fabrairu 1903.

Ran 15 ga Maris 1903, watau cikin Zulhajji 1320, aka gwabza a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Ga doki da mashi da takobi, ga igwa da bindiga mai ruwa. Yaƙin bai daɗe ba, amma masu tsaron tuta sun tsaya daram har aka kashe su a gindinta. Wanda ya je Sakkwato yau zai tarar da sunan Giginya a kan filin wasa da barikin soja. Mai son ganin irin makaman wancan zamani kuwa sai ya leƙa Gidan Makama a Kano.

Daga nan shawara ta rabu biyu, kowane ɓangare da hujjarsa ta shari'a. Waziri Buhari ya ga ya halatta a yi sulhu a zahiri don a tsare addinin waɗanda ba su iya tashi. Attahiru kuwa ya riƙi hukuncin da kakan mahaifinsa ya shimfiɗa cikin Bayanu Wujubil Hijra, ya ɗauki hanyar gabas da niyyar Makka. Masu kiran wannan tafiya gudu ba su yi masa adalci ba. Da ya ratsa kudancin ƙasar Kano sai talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, ga shi kuwa damina ta ƙarato. Wannan ne ya tayar wa Turawa hankali, suka bi sawunsa. Sarkin Misau Ahmadu ma ya bar gadon sarauta ya bi shi.

Mutanen Burmi, almajiran Malam Jibrilla Gaini, sun kori rundunar farko da ta zo musu a watan Mayu. Ran 27 ga Yuli 1903 Turawa suka komo da ƙarfi, aka wuni ana yaƙi. Kibiya mai dafi ta kashe shugabansu, Manjo Marsh. Attahiru ya yi shahada tare da mutum fiye da 600.

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, zuriyarsu na can har yau. Tutar Attahiru kuwa Turawa suka ɗauke ta, sai a 1960 aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku.