Sir Alexander Fleming, Likitan Da Ya Gano Fenisilin

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku tarihin wani Bature likita wanda da wuya a sami gida a ƙasar nan da bai ci moriyar aikinsa ba, ko da ba a san sunansa ba. Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa, abu biyu ya bar wa duniya, magani da gargaɗi. Maganin an karɓa hannu bibbiyu, gargaɗin ne har yanzu ba a ji sosai ba.

An haifi Alexander Fleming ran 6 ga Agusta, 1881, a wata gona kusa da garin Darvel a ƙasar Sikotilan. Ubansa manomi ne, ya rasu yaron yana da shekara bakwai. Da ya ɗan tasa sai ya tafi Landan wurin wansa, wanda shi ma likita ne, ya yi shekara huɗu yana aikin akawu a ofishin jiragen ruwa. Daga baya ya sami ɗan gado, ya shiga makarantar likitoci ta Asibitin St Mary, ya fita a 1906. A nan ya zauna yana binciken ƙwayoyin cuta har ƙarshen aikinsa.

Sa'ad da aka yi Yaƙin Duniya na Farko an kai shi Faransa duba sojoji. Ya ga yadda mutum kan tsira daga harsashi, sa'an nan miki ya ruɓe ya kashe shi. Ya kuma gane cewa ruwan maganin da a ke zuba wa rauni mai zurfi ya fi kashe fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun jiki, bisa ga ƙwayoyin cutar. Tun daga nan ya sa ransa ga neman abin da zai kashe cuta ya ƙyale jiki.

Cikin watan Satumba, 1928, ya komo daga hutu, ya tarar da wani ɗan farantin gilashi da ya ke renon ƙwayoyin cutar maruru a ciki ya yi fumfuna. Da wani ne da sai ya wanke faranti kawai. Shi kuwa ya tsaya ya duba, ya ga duk kewayen fumfunar ƙwayoyin sun narke. Ya reni fumfunar dabam, ya tabbata akwai wani ruwa da ta ke fitarwa mai kashe cututtuka da dama, ya sa masa suna fenisilin, ya buga labarin a 1929. Amma tace shi ya gagara, don da an taɓa sai ya lalace.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan shekara goma, Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Jami'ar Oxford suka ɗauki aikin. A 1940 suka sa wa ɓeraye takwas cuta, suka yi wa huɗu allurar fenisilin. Kafin gari ya waye waɗanda ba a yi wa ba duk sun mutu, huɗun nan kuwa suna nan da ransu. A 1941 aka gwada wa wani ɗan sanda da ke bakin mutuwa, ya fara samun sauƙi ƙwarai. Maganin ya yi ƙaranci har sai da aka riƙa tace shi daga fitsarinsa ana sake yi masa, duk da haka ya ƙare, mutumin ya rasu. Sai da masana'antun Amurka suka sa hannu kana aka sami mai yawa, ya ceci sojoji masu ɗimbin yawa a yaƙin Hitila. A 1944 Sarkin Ingila ya ba Fleming muƙamin Sir, a 1945 kuma shi da Florey da Chain suka raba kyautar Nobel.

To, ga inda na ke so mu natsu. A jawabinsa na karɓar kyautar, Fleming ya ja kunnen jama'a. Ya riga ya gani a ɗakin bincikensa cewa in aka ba ƙwayoyin cuta maganin da bai isa kashe su ba, sai su saba da shi. Raunanan su mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa, an kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan. Ya ji tsoron ranar da kowa zai iya sayen fenisilin a kanti, jahili ya sha kaɗan, ya bar cuta mai ƙin magani ta kama na kusa da shi.

Ya rasu ran 11 ga Maris, 1955, aka yi masa makwanci a babbar majami'ar St Paul a Landan. Bai cika shekara bakwai da rasuwa ba, a 1961, aka sami ƙwayar cutar marurun nan a Ingila ta ƙi jin sabon maganin da aka ƙirƙiro musamman dominta. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Mu kanmu shaida ne. A tasha da kasuwa ana tallar kafso a tire kamar gyaɗa, mai mura ya sayi biyu ya haɗiye, alhali irin wannan magani ba ya taɓa ƙwayar mura. Gobe mu ne za mu tsaya gaban yara a aji, a ƙauye kuwa maganar malami tana da nauyi. Mu koya musu kada su sha sai likita ya rubuta, su sha yadda ya ce, kada kuma su ba wani ragowar nasu. Ina ganin wannan ita ce godiyar da ta fi dacewa mu yi wa Fleming.