John Harrison: Kafintan da agogonsa ya ceci matuƙan jiragen ruwa

Masu gyaran agogo a Kakuri ko Sabon Tasha a Kaduna sun san cewa ran agogo yana cikin ƴar ratar da ke tsakanin haƙoran ƙafafunsa. Idan ta matse, ƙarfe ya buɗe da zafi sai ya cije. Idan ta yi yawa, sai ya riƙa sakaka, lokaci ya kauce. Matsalar kaucewar lokacin agogo ce John Harrison ya ƙarar da rayuwarsa a kanta.

An haife shi a 1693 a yankin Yorkshire na Ingila. Ɗan kafinta ne, kuma a 1713 ya ƙera agogonsa na farko da katako. A zamanin, matuƙan jirgin ruwa ba su da tabbacin nisan da suka yi gabas ko yamma. A 1707 jiragen yaƙin Birtaniya huɗu sun tarwatse kusa da tsibiran Scilly, fiye da mutum 1,400 suka halaka. A 1714 majalisa ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar.

Harrison ya ga mafita a agogo. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, don haka wanda ya riƙe lokacin gida daidai, ya gwada shi da tsakar ranar inda yake, zai san matsayinsa. Amma man agogo yana daskarewa, ƙarfe yana miƙewa. Sai ya yi amfani da wani itace mai fitar da maiƙonsa da kansa, ya kuma haɗa tagulla da baƙin ƙarfe domin miƙewar ɗaya ta gyara ta ɗayan.

Agogonsa na teku na huɗu, H4, ya kammala shi a 1759. Ɗansa William ya tafi da shi Jamaika a 1761, kuma bayan kwana 81, da aka cire ɗan jinkirin da aka san yana yi kullum, kuskurensa daƙiƙa biyar ne kacal.

Duk da haka hukumar da ke riƙe da ladan ta yi ta jan ƙafa, har sai da Sarki George na Uku ya sa baki, majalisa ta ba shi fam 8,750 a 1773, yana da shekara 80. Ya rasu a Landan a 1776. Agogunansa suna nan a Greenwich, inda ake auna lokacin da Najeriya ke gaba da shi da awa ɗaya.