Nasiruddin Dinet: Bafaranshen mai zane da aka binne a Bou Saada

Duk lokacin da aka ce wai Musulmi ba ya iya riƙe addininsa a tsakiyar waɗanda ba Musulmi ba, ni kam Étienne Dinet nake tunawa.

An haife shi a Paris a 1861, can ya koyi zane. A 1884 ya fara zuwa Aljeriya, daga nan fa ƙasar ta shiga ransa. Ya koyi Larabci, ya yi abota da Sliman ben Ibrahim, ya sayi gida a garin Bou Saada, inda ya riƙa zana yara, mata da masu sallah. A babban baje kolin Paris na 1889 ya samu lambar azurfa.

Amma zamani ya juya. Da su Picasso suka fito, masu sharhi suka ɗauki salonsa tsohon yayi. Bai sauya ba. A 1913 ya bayyana musuluntarsa, ya zama Nasiruddin. A 1918 shi da Sliman suka fitar da littafin tarihin Manzon Allah (SAW), da hotunan rayuwar Musulmi a ciki, amma bai zana Annabi ba. Wannan ladabi shi ya fi burge ni: ga gwaninta a hannu, ga sanin inda za a tsaya.

Ya sauke farali a 1929, ya rasu a Paris a watan Disamban shekarar. Aka yi masa sallah a Babban Masallacin Paris, aka mayar da gawarsa Bou Saada. Allah ya jiƙansa.