Tarihin Leo Fender, Mai Gyaran Rediyon Da Ya Ƙera Jitar Bes Da Amfilifayarta

Yau ba labarin jarumi ko jaruma na kawo muku ba, tarihin wani Ba'amurke ne da ya rasu tun 1991, kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da sifika a wajen biki ya ji wannan dum-dum ɗin yana dukan ƙirjinsa, to ya ci albarkacin mutumin nan ko bai san sunansa ba.

Kwanakin baya ne na kai 'yar sifikata gyara wajen wani dattijo a Kwanar Dangora. Ina zaune a benci ina jira sai idona ya faɗa kan wani tsohon akwati a ƙarƙashin tebur, ƙura ta lulluɓe shi, fuskarsa ruwan azurfa, an rubuta Fender Bassman a jiki. Da na tambaya, Baba ya ce min amfilifayar jitar bes ce, wani makaɗi ya kawo ta daga Jos shekaru masu yawa bai dawo ba, kuma 'yan gwangwan sun sha tayawa yana hana su. Tun daga ranar nake bibiyar labarin wanda sunansa ke jikin akwatin, ga kuma abin da na tattaro muku.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

Cikakken sunansa Clarence Leonidas Fender. An haife shi ranar 10 ga Agusta, 1909 a yankin Anaheim da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Iyayensa manoman lemo ne, a gona ya tashi kamar yawancinmu a nan kudancin Kano. Yana ɗan shekara 8 wani ƙari ya fito masa a idon hagu, dole aka cire idon aka sa masa na gilashi. Wannan larurar ce daga baya ta sa ba a ɗauke shi soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu.

Yana da wani kawu mai shagon gyaran wutar mota a garin Santa Maria. A can ya ga wata rediyo da kawun ya harhaɗa da tarkace da hannunsa, tana magana tangaram. Shi ke nan fa, yaro ya kamu. Ya dawo gida ya dinga kwance rediyoyi yana ɗaurawa, har maƙwabta suka fara kawo masa nasu.

Ya gama sakandare a Fullerton a 1928, ya shiga ƙaramar kwaleji. Ku san me ya karanta? Aikin akanta. Bai taɓa zama a ajin koyon lantarki ba, duk abin da ya iya a wannan fanni da littafi da gwaji ya koya.

Daga rasa aiki zuwa buɗe shago

Ya yi aiki a kamfanin ƙanƙara, ya auri Esther Klosky a 1934, ya samu aikin akanta a ma'aikatar hanyoyi ta Kalifoniya. Lokacin kuwa Amurka na cikin matsin tattalin arziki mai tsanani, sai aka rage ma'aikata har da shi. Ya koma wani kamfanin taya, nan ma ba a jima ba aka sallame shi.

A 1938 ya ranto dala 600, ya koma Fullerton ya buɗe shagon gyara mai suna Fender Radio Service. Rediyo yake gyarawa, da garmaho, yana kuma haɗa lasifikar taro yana ba da haya, kamar dai masu kayan sauti da ake ɗauka ranar suna ko Maulidi a Bebeji da Tudun Wada. A hankali makaɗa suka gano shi, suka fara kawo masa amfilifayoyinsu da suka mutu.

Nan ne sirrin mutumin nan yake. Shekara da shekaru yana buɗe kayan da wasu kamfanoni suka ƙera, yana ganin inda suke fara lalacewa, yana ganin yadda ake wahalar da mai gyara kafin ya kai hannu ga abin da ya ƙone. Duk ya riƙe a kansa. A 1945 suka haɗa gwiwa da wani makaɗi, Doc Kauffman, suka kafa K&F suna ƙera jita da amfilifaya. Kauffman ya janye a 1946, Leo ya ci gaba shi kaɗai da sunan Fender.

A 1950 ya fitar da jitar lantarki mai gangar jiki ta tsantsar katako, ba rami a ciki. Da farko Broadcaster ya sa mata, kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi don yana da ganguna masu irin sunan, sai ta koma Telecaster a 1951. Wuyanta da sukuru huɗu aka ɗaure shi. In ya lanƙwashe ka kwance ka sa wani, an gama. Masu ƙera jita na gargajiya sun yi ta yi masa dariya a lokacin, amma makaɗa suka saya.

Yadda bes ta samu murya

Kafin 1951, mai kaɗa bes ɗan wahala ne a ƙungiya. Abin kiɗansa wani ƙaton katako ne mai tsirkiya huɗu, tsayinsa ya kai mutum, a tsaye ake kaɗa shi. In za a tafi wasa wani gari sau da yawa sai an ɗaure shi a saman mota. Bayan duk wannan wahalar, da ganguna da ƙahonni sun tashi ba mai jin sa.

Leo ya ƙera bes mai siffar jita wadda ake ratayawa a kafaɗa, ya gitta mata ƙananan ƙarafuna a wuya yadda yatsa zai sauka daidai kan sautin da ake so. Daga wannan daidaiton ta samu sunanta, Precision Bass. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ya sa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Tsirkiya na karkarwa sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, ita kuma amfilifaya ta kumbura wutar ta tura wa sifika.

Matsalar ita ce sautin bes mai nauyi ne, yana yaga sifikar jita ta yau da kullum. Shi ya sa a 1952 ya fitar da amfilifaya ta musamman, Bassman, mai wat 26 da sifika ɗaya mai faɗin inci 15. Makaɗa suka dawo masa da koke, ya saurare su, ya sake fasali ya sa sifika huɗu masu inci 10. Ya yi ta gyara zanen har ya kai ga samfurin 5F6-A na ƙarshen shekarun 1950, wanda har yau ake ganin yana cikin amfilifayoyi mafi daɗin sauti da aka taɓa yi.

Abin dariyar, masu jita ne suka fi rububinta, ba masu bes ɗin da aka yi domin su ba. A Landan, wani mai shagon kayan kiɗa, Jim Marshall, ya ga kayan Amurka sun yi wa samarin Ingila tsada. Shi da yaransa suka buɗe Bassman suka bi zanenta da kayan da ake samu a Ingila, suka fitar da JTM45 a 1962. Daga nan kamfanin Marshall ya samo asali.

Leo bai tsaya ba. Ya fitar da Stratocaster a 1954, da Jazz Bass a 1960. James Jamerson da ya kaɗa bes a tarin waƙoƙin kamfanin Motown, Precision ya riƙe. Aston Barrett, mai bes ɗin Bob Marley, da Jazz Bass aka san shi. Ku leƙa maƙwabtanmu Nijar ma, Mdou Moctar da Stratocaster yake zagaya duniya, da hannun hagu yake kaɗa ta. Hatta a situdiyoyin Kano inda da fiyano da kwamfuta ake haɗa kiɗan finafinanmu, in mai kiɗa ya zaɓi muryar bes ta lantarki, kwaikwayon wannan jitar ce aka zuba a cikin na'urar.

Duk wannan fa, Leo Fender bai iya kaɗa jita ba. Ya ɗan taɓa fiyano da saksofon yana yaro, amma jita sai dai ya miƙa wa makaɗi ya gwada, shi kuma ya kasa kunne, ya koma teburinsa da sukudireba.

In ka ci karo da tsohuwar Bassman

Dalilin da ya sa akwatin da na gani bai zama shara ba shi ne mai gyara ne ya zana shi. Kayan cikin a jere suke a kan allo, kowane da hannu aka liƙa shi da dalma, za ka iya cire ɗaya ka sa sabo ba tare da ka taɓa na kusa da shi ba. A cikin akwatin har takarda ake mannawa mai nuna gurbin kowane bawul, wato waɗannan kwalaben masu kama da ƙwan fitila da ke kumbura sauti.

Abu na farko, kar ka yi saurin jona ta da wuta. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka wutar bolt 110 zuwa 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce. In ba irin wadda aka yi don fitarwa waje ba ce mai makunnin zaɓen wuta a baya, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba ka ƙone ta nan take. Na biyu, ba a kunna amfilifayar bawul ba tare da an jona sifika ba, domin hakan na iya kashe taransifomar da ke fitar da sauti, ita ce kuma mai tsada da wuyar samu.

In ta ƙi kawo wuta gaba ɗaya, daga fis ake farawa. In aka sa sabo ya sake tsinkewa, akwai abin da ke jan wuta fiye da ƙima a ciki, kuma ɗaura waya a gurbin fis kamar yadda wasu ke yi ganganci ne. In tana wani gurnani ko ba a kaɗa komai ba, yawanci manyan kafasita ne suka bushe saboda tsufa. In ka murɗa maɓallin ƙara ka ji ƙarat-ƙarat, ƙura ce, kun dai san hunturunmu. In sauti ya yi rauni ko wani bawul ya yi jajir kamar garwashi, a kashe a duba shi.

Don Allah ku riƙe wannan. A cikin akwatin nan akwai wutar da ta haura bolt 400, kuma kafasita na iya riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. Tana iya kisa. Wanda bai san yadda ake sauke ta ba ya kai wa wanda ya sani.

Sayar da kamfani da rasuwarsa

Wata doguwar rashin lafiya ta dame shi, sai ya sayar wa CBS kamfaninsa a farkon 1965 a kan dala miliyan 13, da sharaɗin ba zai yi gogayya da su ba har shekara 10. Ashe da sauran kwana a gaba, ya samu magani ya warke. Masu fuskar azurfa irin wadda na gani a Kwanar Dangora a zamanin CBS aka yi su, amma a kan tubalin da ya aza.

Da wa'adin ya cika ya dawo fili tare da kamfanin Music Man, inda aka fitar da bes ɗin StingRay a 1976. Matarsa Esther ta rasu a 1979, ya auri Phyllis a 1980. Shi da tsofaffin abokan aikinsa George Fullerton da Dale Hyatt suka kafa G&L. Ciwon karkarwar jiki na Parkinson ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, duk da haka bai daina zuwa ɗakin gwajinsa ba har ya rasu ranar 21 ga Maris, 1991 a Fullerton, yana da shekara 81. A 1992 aka sa sunansa a zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame, a 2009 kuma aka ba shi lambar Grammy ta fasaha.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne, mu masu son waƙa mawaƙi kawai muke sani. Ba ma tambayar wa ya haɗa kiɗan, balle wanda ya gyara amfilifayar da ta mutu ana tsakiyar biki. Daga Kiru har Doguwa akwai samari irina da suka gama sakandare suna zaune, wasu ma kunyar koyon gyara suke ji, alhali a irin wannan bencin Leo Fender ya fara, da ido ɗaya da kuɗin rance. Baba ya ce in aka samu kafasita da bawul masu kyau zai gwada tayar da tasa, na kuma yi masa alkawarin zan cigita a Sabon Gari in na shiga Kano. In ta tashi za ku ji labari.

Wanda ya san inda wata tsohuwar amfilifaya ko jita take kwance a gidansu, kar ya bari a auna ta a sikeli. Ku kuma faɗa min tarihin wa kuke so na gaba, ni dai ina tunanin marigayi Bala Miller.